Abin da Yaya Ta Karanta a Jikin Baba

Yayata malamar adabi ce a makarantar sakandare, kuma tun da ta kama aikin nan babu abin da ya ƙara zama kansa a duniya. Tsuntsu ya sauka a kan katanga, saƙo ya kawo. Kofi ya fashe a kicin, akwai abin da ake nufi. Ni kuwa gyaran firji nake yi, a wurina idan abu ya daina sanyi, ko gas ya ƙare ko inji ya ƙone. Shi ya sa da ta bugo mini waya da hantsi ta ce in ajiye duk abin da ke hannuna in same ta a makaranta, na ɗauka wani mafarkin ta sake yi.

Na same ta a ofishin malamai ita kaɗai, fanka na kaɗa takardun jarrabawar da ta danne da gorar ruwa. Ko zama ban gama yi ba ta jefo mini tambaya.

"Auta, yaushe rabonka da ganin Baba a masallaci?"

"Ai ba unguwarmu ɗaya ba, Yaya. Ina zan gan shi?"

"To liman ya tare maigidana, yana tambaya ko lafiya. Ya ce tun bayan rasuwar Mama da ɗan lokaci Baba ya ɗauke ƙafa."

Babanmu tela ne, shagonsa a jikin gidan da muka taso yake, masallaci kuma tsallaken titi ne kawai. Tun muna yara wurinsa ɗaya, sahun farko, daidai bayan liman. Ko baƙo ne ya riga shi tsayawa a nan, wani zai taɓa shi ya ce matsa, akwai mai wurin. Sai na ce wataƙila ƙafa ce take damunsa.

"Ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita tun safe har yamma?" Ta jawo wani littafi da ya sha hannu har bangonsa ya yi laushi. "Ka san labarin mai rijiya?"

Na san shi, duk ɗan gidanmu ya san shi. Wani tsohon labari ne da take koyarwa kowace shekara, mun ji shi har mun kusa haddacewa. Wani mutum ne mai tsaron rijiyar gari, matarsa ta mutu. Marubucin bai taɓa buɗe baki ya ce mutumin ya daina yarda da Allah ba. Sai dai ka ga ya naɗe igiyar guga ya rataye ta can sama inda hannu ba ya kaiwa. Ka ga ya ajiye fararen kayansa ya koma baƙaƙe. Ya rufe bakin rijiya da katako. A ƙarshe ya zauna a gefenta leɓe a bushe, ruwa na ƙarƙashinsa ya ƙi sha. Yaya kan ce rijiyar imani ce, igiyar kuma addu'a, ɗalibin da bai rubuta haka ba ya san sauran.

"Wannan ai labari ne, Yaya. Wani ne ya zauna ya ƙirƙira."

"Mai ƙirƙirar a ina ya gano? A jikin mutane ya gani." Ta dafa littafin. "Mutum ba ya fitowa ya ce na daina. Kayansa ne suke faɗa. Je ka duba da idonka, Auta, in ƙarya nake yi ka dawo ka yi mini dariya, wallahi zan fi kowa murna."

Na tafi da niyyar dariyar. Na samu Baba a kan keke yana kafa hannun wata riga, gilashinsa a kan karan hanci. Abin da na fara gani shi ne kayan jikinsa. Mutumin da muka taso ba mu san shi da komai ba sai fari, wanda Mama ke tsokana wai ko jikin bango ba ya bi don tsoron datti, ga shi cikin shuɗi mai duhu har ƙasa. Na gaishe shi ya amsa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Na ce bari in karɓo mana shayi. Ya ce in karɓo nawa, shi ya daina. Na ce to ruwa fa, ana wannan zafi? Ya ce ba ya jin ƙishi. Na dubi leɓensa, a bushe yake har ya tsage.

Na ce zan shiga ciki in wanke hannu. A tsakar gida igiyar shanya cike take da wanduna, na wuce su ban kawo komai a raina ba. Na leƙa ɗakinsa. Sallayar da ke shimfiɗe a gefen gado tun ina rarrafe babu ita, sai siminti. Alƙur'aninsa da ke zama a kan ɗan teburi kusa da matashi, na ɗaga kai na hango shi can saman wadirob, an naɗe shi da ƙyalle an tura shi ciki.

Ina dawowa shago ladan ya kira azahar. Baba ya motsa leɓe yana amsawa, ko kuwa zare yake lasa, ban tantance ba. Maƙwabta suka riƙa wucewa da butocinsu. Na ce, "Baba, mu tsallaka?"

"Je ka, ina nan tafe," ya ce, bai ɗago ba.

Na je na yi sallah, rabin hankalina na ƙofa. Bai zo ba. Wani yaro matashi ne ya tsaya a bayan liman. Da na fito na hango shagon a rufe. Ban koma ba, na hau babur na kama hanya, kuma ban san lokacin da hawaye ya cika mini ido ba har na kusa hawa kan wani mai baro. Mutuwar Mama ta yi mini ciwo, amma wannan tsoro ne iri dabam. Ita mun san inda muka kai ta da abin da ta tafi da shi. Shi kuwa ga shi da ransa, ga shekaru sun ja, ban san a kan me zai cika ba.

Da na gaya wa Yaya ba ta ce ai na faɗa maka ba, wanda hakan ya ƙara tayar mini da hankali, don ba halinta ba ne ta bar irin wannan dama ta wuce. Muka yi ta shawara a waya. Mu kira liman? Ta ce a'a, tonon asiri ne. Mu tambaye shi kai tsaye? To da wane bakin? Wa zai dubi ubansa ya ce Baba, har yanzu kana sallah? Daga ƙarshe ta ce ta samo dabara. Za ta karanta masa labarin mai rijiya. Idan ya ga kansa a ciki zuciyarsa za ta motsa, ba sai kowa ya ce komai ba. Na ce anya kuwa? Ta ce ai aikin adabi ke nan, ni me na sani ban da gas.

Ranar Asabar da safe muka haɗu a shagon. Baba na zaune a kan benci yana ɗinka maɓallai da hannu. Yaya ta gaishe shi, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce wai tana so ta gwada karatun wani labari kafin ta kai wa ɗalibai, ko zai saurara ya ba ta shawara. Ya ce bismillah, ai kunne ba ya riƙe allura.

Ta fara da muryar aji, wadda take ja kamar ana ba ta maki. Ni na ƙura wa almakashi ido. Da matar mai rijiya ta mutu, hannun Baba ya ɗan tsaya, ya ce Allah ya jiƙanta, ya ci gaba. Da aka zo wurin naɗe igiya ya ce, "Shi kuma mutanen gari da me za su sha ruwa? Wannan ai son kai ne." Yaya ta ce ya dai bari a kai ƙarshe. Da ta zo kan baƙaƙen kaya sai ta rage murya, ta ɗago ta dube shi. Nan ta ɓata aikin. Da ta bar idonta a kan takarda wataƙila da mun tsira. Baba ya bi idonta zuwa rigarsa. Ta karanta wurin leɓe a bushe, ta sake ɗagowa. Ya soke allurar a jikin hularsa, ya cire gilashi.

"Tsaya. Rijiyar nan mece ce?"

"Baba, a wurin masana, rijiyar tana nufin imani."

"Mai rijiyar kuma ni ne."

Wata mota ta wuce a titi tana hon, na ji kamar in bi ta da gudu.

"Wato ku biyun nan kun zauna kun yanke cewa ubanku ya bar Allah." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mana sauƙi. "Ni? Ni da na riƙe hannunku na koya muku alwala? Shi ne aka zo mini da littafi, kamar wani ɗan aji ɗaya?"

Yaya ta fashe da kuka. "Baba, ka daina zuwa masallaci. Ka ɗauke sallaya. Alƙur'aninka yana saman wadirob. Ko ruwa ba ka sha. Me kake so mu ce? Tsoro muke ji, Baba."

Ya daɗe yana kallonta. Na ga fushin yana sauka, wani abu yana hawa a madadinsa, abin da ban taɓa gani a fuskarsa ba, sai daga baya na gane kunya ce. Ya ce, "Ke, shiga ciki ki share mini tsakar gida." Ta ce ai a share take. Ya ce ta sake sharewa. Ta tashi ta shiga, littafinta a hannu.

Ya sa na turo ƙofar shago. Ya juya mini gefe yana kallon tarin yaduka, da su ya yi maganar ba da ni ba.

"Fitsari ne, Auta."

"Na'am?"

"Ba ya riƙuwa. Yoyo yake yi. Tun uwarku na kwance ya fara, kaɗan-kaɗan, ban kula ba. Bayan ta tafi sai ya ƙaru." Ya gyara wani yadi a kan tarin. "Ran nan da la'asar na ɗago daga sujada na ji ɗumi. Na duba, ga shi a farar riga, ga shi a kafet, sabon kafet ɗin da aka shimfiɗa. A bayan liman. Na jira kowa ya watse na ɗebo ruwa da sabulu na wanke. Ban san ko wani ya gani ba. Tun ranar ban iya tsallaka titin nan ba."

Sauran ya fito a hankali, kamar yana warware ɗinki. Duhun kaya don kada tabo ya nuna. Shayi da ruwa ya rage ne don abin ya yi sauƙi. Sallayar kuwa Mama ce ta saya masa, ya wanke ya adana don kada ya ɓata ta. Alƙur'ani ya ɗaga sama saboda bai yarda da tsarkinsa ba, abin da ke kansa yake karantawa. Sallah kuwa, idan an kira sai ya rufe shago, ya wanke jiki, ya sake wando, ya kulle ɗaki ya yi a kan wata leda mai kauri da yake gogewa ya naɗe a ƙarƙashin gado. Ranar da na zo, jira yake in tafi.

"Ko ɗaya ba ta wuce ni ba," ya ce. "Ko ɗaya."

Ni dai ban san yadda aka yi ba, sai na ji dariya ta kufce mini. Dariya sosai, har da riƙe ciki, hawaye na zuba. Ina cewa alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Wani nauyi da na yi kwanaki ina ɗauke da shi a ƙirji ya sauka gaba ɗaya, har na zauna a ƙasa.

Baba ya juyo ya zuba mini ido. "Kai, lafiyarka? Ina gaya maka ciwo kana godiya?"

"Baba, fitsari ne fa kawai! Ai wannan asibiti ne!"

"Kawai? Allah ya kai ka shekaruna, ka zo ka ce mini kawai." Amma gefen bakinsa ya motsa.

Da na natsu na tambaye shi abin da ya hana shi faɗa. Na ce ai ko liman zai gaya masa mai lalura sallarsa ta yi. Ya ce ya sani, ba yau ya fara zama gaban malamai ba, amma hukunci daban, kafet ɗin mutane daban. Ya mayar da gilashinsa.

"Kuma wa zan faɗa wa? Wadda zan faɗa wa ta tafi."

Nan dariyata ta tsaya. Muna can muna lissafin riga da sallaya, shi yana nan shi kaɗai yana wankin wanduna, leɓe a tsage. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, sai na kama tattara maɓallan da suka zube.

Ya ce kada in gaya wa Yaya, mace ce, 'yarsa ce. Na ce to me zan ce mata? Ya ce in ce ciwon maza ne, ta bar shi a nan. Na buɗe ƙofar da ke shiga cikin gida, na same ta tsaye da tsintsiya a hannu, ko tsinke ɗaya ba ta share ba. Fuskarta ta nuna ta ji komai. Ta jingina da bango ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban sani ba kuka ne ko dariya, ina jin duka biyun ne. Na ce da ƙarfi don Baba ya ji, "Ciwon maza ne, Yaya, ki bar shi a nan." Ita ma ta ce da ƙarfi, "To, Allah ya ba shi lafiya." Daga cikin shago Baba ya ce amin.

Ranar Litinin muka kai shi asibiti a motar mijinta. Likitan bai ko ɗaga gira ba. Ya ce wani nama ne a ƙasan mafitsara da kan kumbura wa maza idan shekaru sun ja, rabin dattawan da ke kan bencin waje abin da ya kawo su ke nan. Za a yi gwaji, a fara da magani, in bai yi ba akwai ɗan aiki. Ya yi wa Baba faɗa a kan ƙin shan ruwa, ya ce saura kaɗan ya jawo wa ƙodarsa abin da ya fi wannan. Baba ya fito yana kallon dattawan benci ɗaya bayan ɗaya, ya raɗa mini, "Har da wancan mai babbar rigar?" Na ce da alama. Ya ce ikon Allah.

Muna jiran magani Yaya ta sayo ruwan gora ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba. Ya shanye rabi a tashi ɗaya. Ya ce mata, "Malama, wannan kuma me yake nufi a wurin masana?" Ta ce, "Ruwa ne, Baba." Ya ce madalla, ashe ana samun ci gaba.

Ba mu bar asibitin ba aka kira azahar a ɗan masallacin da ke bayan ɗakin magani. Na miƙe. Baba bai miƙe ba, yana juya gorar a hannu. Na tsaya dai ina jiransa. Can ya ce, "Akwai kafet?" Na leƙa na dawo na ce tabarmin roba ne. Ya tashi ya shiga banɗaki ya daɗe, ya fito ya yi alwala a bakin famfo, a hankali, gaɓa bayan gaɓa.

Bai nufi gaba ba. Ya tsaya a sahun ƙarshe, can gefe kusa da ƙofa, ya jawo hannun rigata na tsaya a damansa. Da liman ya yi kabbara na ji tasa kabbarar a kunnena, tana ɗan rawa. A sujada ina jin numfashinsa. Aka sallame, mutane suka fara tashi, shi yana zaune ya ɗaga hannu. Ya yi wa Mama addu'a da sunan da shi kaɗai ke kiran ta da shi, ya yi mana, ya shafa. Ta taga na hango Yaya tsaye a rana, ga inuwa a gefenta ba ta shiga ba, tana kallonmu.

Ya dafa kafaɗata ya miƙe. Kafin ya juya ya ce ƙasa-ƙasa, "Auta, duba mini bayana."

Na duba. Akwai ɗan danshi, bai kai tafin hannun jariri ba, a kan shuɗin ma sai wanda ya san abin da yake nema.

"Akwai kaɗan, Baba."

Ya dubi ƙofa, ya dubi mutanen da ke neman takalmansu.

"To ka bi bayana kusa-kusa," ya ce. "La'asar a masallacinmu za mu yi."

Na bi bayansa kusa-kusa har mota, ina taka inda ya taka.